Kada Ki Zo Da Leda

Musanze, Ruwanda
3 ga Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Tsahara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida manya da yara. Yaya ƙafar taki? In har yanzu tana kumbura ki rage gishiri, ko da yake faɗa wa mai sayar da daddawa ta rage gishiri ɓata yawu ne. Ni lafiya lau, sai mura da ta ƙi rabuwa da ni.

Tun da aka katse muku layin waya a Jibiya na rasa yadda zan same ki. Idi direba ne ya kawo dabara: in rubuta da hannu, in ɗauki hoton takardar in tura wa wani mai shagon buga takardu a Katsina, shi kuma Idi ya taho miki da ita. Amsarki ma ta nan za ta biyo. Mun koma zamanin kakanki Malam Ɗantala da ƙanwarsa kakata.

Maganar zuwa ta tabbata. Aikin gwajin irin dankali ba zai bar ni in zo gida bana ba, saboda haka hutun Disamba a nan za a yi shi. Da kin ce kin shirya zan sayi tikitin jirgi. Amma ki saurara da kyau, don na san ki, in aka bar ki da shirin zuwa bikin Bugaje za ki taho.

Ƙasar nan ƙarama ce, kaɗan ta ɗara jihar Katsina, sai dai duk tudu ne da kwari. Inda nake akwai sanyi, ga ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ki sayi rigar sanyi guda biyu, babba da ƙarama, da safa, da lema. Silifas ɗin nan naki da ya ga shugabanni da yawa ki bar shi ya huta, takalmi mai rufi ake sawa a nan, in ba haka ba santsi zai kai ki ƙasa a gaban mutane. Katin allurar shawara ki haɗa shi da fasfo wuri ɗaya, kada ki ce yana cikin wata jakar. Kan caja kuma irin mai ƙafa biyu zagayayyu, wanda 'yan Maraɗi ke kawowa kasuwa, shi ke shiga bangon nan. Daga Kigali zuwa wurina hanya ce mai lanƙwasa kamar hanji, ki riƙe citta da lemun tsami a hannu.

Sai babbar maganar. Kada ki kuskura ki zo da leda. Na san halinki, ba kya fita ko nan da can sai da ita. A nan ba a son ganinta, ƙazanta suka ɗauke ta. Tun a filin jirgi za su raba ki da ita, ki ji kunya, ni ma ki ja min. Ki bar ta a Jibiya, can ta dace.

Ki gaida kowa da kowa.

Ubangidanki,
Bawa

*

Jibiya
9 ga Oktoba

Bawa,

Wa alaikumus salam, don sallama haƙƙi ce, ba don ka cancanta ba. Muna lafiya. Ƙafata ta sauka. Murarka Allah ya sawwaƙe, ko da yake ni ina ganin ba hancinka ne ya toshe ba.

Idi ya kawo takardarka ran Laraba. Tawadar ta koɗe kamar an jiƙa ta, ga rubutunka kamar inda kaza ta yi tono. Gilashina ya karye, sai na miƙa wa Ladi na ce ta karanta mana. Ladi, Bawa. Ɗiyarka, in ka manta. Wadda ka kawo min tana shekara uku bayan uwarta Salmatu ta rasu, ka ce in riƙe maka kafin ka gama karatu. Yau shekararta goma sha uku, karatun ya zama aiki, aikin ya zama ƙaura.

Tana karantawa muna dariya. Ta yi dariyar silifas ɗina har da riƙe ciki. Sai ta iso ƙarshe. Ta ce, “Kada ki kuskura ki zo da Ladi.” Ta tsaya. Na ce ci gaba mana, wasan taubasai ne. Ta ci gaba da bakinta har ta kai kan ƙazanta, sannan ta ajiye takardar a kan tabarma ta shige ɗaki. Na ɗauka na kai ta hasken ƙofa na duba da idona. Abin da ta karanta shi na gani.

Kai, Bawa! Wasan da ke tsakaninmu mun gaje shi, na zage ka ka zage ni, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Amma wannan ba wasa ba ne. Ba na fita ko nan da can sai da ita? Ƙwarai kuwa. Da ita nake zuwa kasuwa, da ita nake zuwa suna, ita ke riƙe min hannu in ƙafar ta motsa. Da wa kake so in fita, da hoton da ka aiko kana tsaye cikin gonar dankali?

Ba a son ganinta. Su wa? Mutanen da ba su taɓa sanin tana duniya ba? Faɗi gaskiya, kai ne ba ka son ganinta. Ka hau dutse ka hango mu ƙanana. Ka ce za ta ja maka kunya, to wace kunya ce ta rage wadda ba ka ja wa kanka ba?

Ka san abin da yarinyar nan ta yi tun da ka fara zancen hutun Disamba a waya, kafin a katse layi? Ni na ɗauka maganar ta mu biyu ce, na bi hanyar Katsina da ita, hanyar da kowa ke bi da salati a baki, aka yi mana fasfo, aka yi mana allurar nan da kake ta nanatawa. Hannunta ya kumbura, ko ƙorafi ba ta yi ba. Fasfon a ƙarƙashin matashinta yake kwana. Duk 'yan ajinsu sun san za ta hau jirgi ta ga babanta. Yanzu kwana uku ke nan tuwo sai ta taɓa ta ture. Ba ta kuka, da ma kukan take da ya fi min sauƙi.

Salmatu ba ta haifi ƙazanta ba. Ni ma ban raini ƙazanta ba.

Ba zan zo ba. Ka riƙe tikitinka, ka riƙe tuddanka, ka sa rigunan sanyin duka biyun a jikinka. Idi ya ce in biyo shi Katsina in kira ka a waya. Na ce ba zan sa raina a hanya don in ji muryarka ba, abin da ka rubuta ya ishe ni.

Tsahara

*

Musanze
16 ga Oktoba

Tsahara sarkin ƙulli,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ban ga amsarki ba tukuna, don mako biyu ke nan muna gonakin can saman dutse inda waya ba ta kamawa. Wannan ma wani abokin aiki da zai sauka gari na ba ya tura. Murar ta yi sauƙi, sai leɓe da ya tsage.

Na manta abubuwa a waccan. Na farko sallah. A nan in kika fuskanci gabas kin bar alƙibla, arewa ake kallo a ɗan karkata dama. Kada ki zo ki ce za ki gyara wa limamin garin tsayuwa. Na biyu, kabu-kabu ba a hawansa sai da hular kwano, har fasinja. Ɗaurin kallabin nan naki mai hawa uku ba zai shiga ba, ki nemi ƙarami. Sefar da kike taƙama da ita ba ta sayen ko ruwa a nan, Faransancinki na bakin iyaka ne kawai zai ɗan yi amfani. Don Allah ki taho min da yaji da kuka da daddawarki, a zuba a gwangwanin madara a rufe sosai. Bakina ya gaji da wake da ayaba.

Waccan maganar kuma ina nan a kanta. Kada ki ce za ki yi dabara ki shigo da ita a ɓoye, in an kama ba ruwana. Sabo ne kawai ke sa ki ga kamar ba za ki iya ba. In kin zo za ki ga ana rayuwa lafiya lau ba ita. Ni shekara nawa a nan, ko tunawa da ita ba na yi.

A gaida mutanen gida.

Bawa

*

Jibiya
24 ga Oktoba

Bawa,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Ba zan ce “muna” ba, don ni kaɗai ce a gidan.

Na sami ta biyun. Na sayi gilashi, wannan karon ni na karanta da kaina, harafi bayan harafi. Ashe har da ƙari. Na zuba maka baƙin cikina a takarda, kai kana can kana neman daddawa a gwangwani. Ƙasar da gabas ta koma arewa, ai ba abin mamaki ba ne uba ya juya wa ɗiyarsa baya.

Na ɓoye takardar cikin kwallar atamfofina. Ladi ta gano ta. Ban san ta gani ba sai da na ji ta tana wanke-wanke tana maimaitawa a hankali, “Ko tunawa da ita ba na yi.” Wallahi Bawa da kana kusa da muciya zan bi ka.

Ran Juma'a Yahaya ya zo daga Maraɗi da lodin albasa. Ka san shi, yayan Salmatu. Shekara da shekaru yana roƙona in ba shi yarinyar nan ta zauna cikin 'ya'yansa, ina hana shi. Kullum amsata ɗaya ce: ubanta na raye, kuma yana sonta. Har gaba muka yi da matarsa a kan haka. To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya ga yadda ta rame ya tambaya, ita da kanta ta ɗauko takardun biyu ta ajiye a gabansa.

Ya ce, “Tsahara, wagga ita ce son da kika ce yana yi mata? Tunda shi ya yada, mu mun ɗauka. Ɗiyar ƙanwata ba ta zama shara ina da rai.”

Na ce, “Yahaya, ka bari uban ya yi magana.”

Ya ce, “Ya yi har sau biyu. Ta ukun me za ya ce?”

Kai, Bawa! Ni Tsahara da ba a taɓa rufe min baki a kasuwar Jibiya ba, ka sa na tsaya kamar an dasa ni. Ina juyawa na ga Ladi a ƙofar ɗaki da jakarta a hannu. Ba wanda ya ce ta haɗa kaya. Ta durƙusa ta ce, “Gwaggo, ki yahe mani. In na zauna nan kullum sai 'yan ajinmu sun tambaye ni jirgi.”

Na raka su har Magama, bakin iyaka. Na tsaya ina kallo har kallabinta ya ɓace min. Da na dawo na tarar ta bar fasfonta a kan gado. Yahaya ya ce zai sa ta lakwal, makarantar bokonsu, ya yi mata takardun can, in ya so ta zama tasu gaba ɗaya.

Ka ce in bar ta a Jibiya can ta dace. To ko Jibiyar ma ba ta samu ba. Ka raba ta da kai, ka raba ta da ni. Tabarmarta na nan a naɗe, na kasa ɗauke ta daga wurin.

Kada ka sake aiko min da zancen caja.

Tsahara

*

Musanze
29 ga Oktoba

Tsahara,

Sallama. Lafiyata ba ta dame ki ba, ni ma yau ba zan tambayi ƙafarki ba.

Jiya na sauko daga dutse, wasiƙunki biyu suka shigo wayata a tare. Na karanta a tsaye a tashar mota.

LEDA! Leda na rubuta! Ledar da kike ƙulla yaji da daddawa a ciki, baƙar ledar da ta cika kwalbatin kasuwarku, wadda awakinku ke ci suna mutuwa. Ƙasar nan ta haramta ta, a filin jirgi ake karɓe ta daga kayan baƙi. Ke da ba kya zuwa ko gaisuwar mara lafiya sai da leda uku a jaka, shi ya sa na ja miki kunne. Wace irin kwanya ce za ta karanta maganar shara ta ɗora a kan mutum?

Kin ce kin karanta harafi bayan harafi. To rigar sanyi ƙarama ta wa ce? Ke za ki shiga ƙaramar riga, ke da sai an ƙara yadi? Na ce a zuba yaji a gwangwani, ba ki tambayi kanki dalili ba? Ɗaki na gyara, na sayi ƙaramin bargo mai zanen furanni, na je makarantar da ke kusa da mu na tambaya ko za su bar baƙuwa ta zauna aji ko na mako ɗaya ne. Duk wannan ina yi, ke kina can kina miƙa min ita ga Yahaya kamar ragowar albasa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ke kin fi kowa sanin wannan sunan ba zai fito daga alƙalamina ba. 'Yar fari ce. Kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. Tun ranar suna kin taɓa jin na kira ta, da sunan yanka ko da na ranar da aka haife ta? Babana har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayanmu ba, wa ya ce ba ya sonsa? A gidan da aka yi mana tarbiyya ɗaya da ke aka koya min wannan kunyar. Da kin tsaya kin yi tunani na minti ɗaya da kin ce, Bawa ba ya rubuta sunan nan, akwai kuskure. Amma ina, zuciya ta riga hankali. Kin ɗauke ni mutumin da zai kira jininsa ƙazanta, kin yarda nan take, ko shakka ba ki yi ba. Ashe haka nake a idonki duk shekarun nan.

Kuma kika ƙi hawa mota zuwa Katsina. Kira ɗaya da ya kashe maganar. Hanyar da kika bi don hoton fasfo ta gagare ki don ki ji gaskiya.

Ni ba zan iya barin aiki yanzu ba, gwajin yana tsakiya, in na tafi na tafi ke nan. Ke kika kai ta bakin iyaka, ke za ki haye ki ɗauko min ita. Ki nuna wa Yahaya wannan takardar. Ki gaya masa uban yarinya na raye, in ya yi mata wata takarda ba da izinina ba, ni da shi ne. Ki gaya wa yarinyar kuskure ne.

Ina jiran amsa, ba zagi ba.

Bawa

*

Jibiya
7 ga Nuwamba

Bawa,

Wa alaikumus salam. Ƙafar da ba ka tambaya ba ta kumbura, don ita ta kai ni Maraɗi ta dawo da ni.

Na je. Na karanta wa Yahaya takardarka a tsakar gidansa. Da na kai kan leda ya yi dariya har ya sarƙe, matarsa ta fito da ludayi a hannu tana tambaya. Ni ma kunya ta rufe ni, ba zan ɓoye ba. Na yarda mun yi baƙin karatu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ni na san warin daddawa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ladi ta ce in ba ta takardar. Ta ɗora yatsa tun daga layin farko tana bi, har ta kai kan sunanka a ƙasa. Ta juya bayan takardar. Sannan ta miƙo min ta ce, “Gwaggo, nan ma babu.”

Sai a lokacin na gane abin da ya faru ran Larabar nan. Haka ta yi da ta farkon. Bakinta na karanta zancen safa da lema, yatsarta na gaba tana neman sunanta. Ta wuce caja, ta wuce citta, takarda ta kusa ƙarewa ba ta gan shi ba. Sai ga wata kalma mai harafi huɗu da ta fara da irin harafinta. Yunwa ce ta sa ta karanta haka, Bawa. Shekara goma tana jiran sunanta daga wurinka, ranar da ta same shi ashe leda ce.

Kana min ihu da kunya. Na san kunya, a cikinta na girma. Amma babanka da bai kira sunan yayanku ba, a gida ɗaya suke kwana. Yaron na jin tarinsa a zaure, yana ganin wa aka fara miƙa wa tsire, yana ganin wa ake tashi dubawa in zazzaɓi ya kama shi. Ba ya bukatar suna. Kai ka ɗauki kunyar zaure ka haye da ita bayan duwatsu. Me ita take gani? A waya “ya yara?” kake cewa, alhali yarinya ɗaya ce tak a gidan. A takarda “mutanen gida”. Yanzu da ka tashi kare kanka, “yarinyar”. Bargo mai furanni yana ɗakinka, ita ba ta gan shi ba. Ƙaramar riga kuwa, wallahi na ɗauka ta ciki ce da ake sawa kafin babbar.

Ka ce na yarda da mugun zato nan take. Ni ka bar ni, tsakaninmu ne. Ka tambayi kanka me ya sa ɗiyarka ta yarda.

Barazanarka ga Yahaya ban karanta masa ba, na tsallake. Mutumin nan bai yi maka laifi ba. Da ya gama dariya ya ce, “Ni ba ni riƙe ɗiyar mutum da ƙarhi. Ta zaɓa. Amma ƙarshen watan ga nike kai sunanta lakwal, in na kai kuma an gama.” Na tambayi Ladi ko za ta biyo ni. Ta ce, “Na ji ba ni ce ƙazantar ba. Amma ban ji an ce in zo ba.”

Na dawo ni kaɗai. Ba zan sake hayewa da “yarinyar” a hannuna ba. In kana da abin da za ka ce, ka san yadda ake rubuta shi. In kunyar ta fi maka, ka lulluɓa da ita, ka ce garin akwai sanyi.

Tsahara

*

Musanze
12 ga Nuwamba

Tsahara, wannan ba taki ba ce. Ki kai mata. Na yi rubutun manya-manya, kuma na gaya wa mai shagon in tawadarsa ta koɗe ya sake bugawa.

Zuwa ga LADI.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da kawunki da iyalinsa. Ni lafiya lau.

Halimatussa'adiya. Allah ya jiƙan mai sunan, ta yafe min, yau na kira. Na ɓata takardu da yawa kafin wannan, hannuna bai saba ba.

Ran Lahadi aka haife ki, ana tsakiyar cin kasuwa. Ina rumfar wani tela aka zo aka gaya min. Mutane na kallona, sai na ce “to, madalla” na ci gaba da zancen ɗinki. Da na fita na zaga bayan rumfunan inda ba kowa, na zauna a ƙasa na yi kuka don murna. Ba wanda ya san wannan, ko mahaifiyarki.

Ƙaramar rigar sanyin taki ce. Bargon naki ne. Ɗakin da tagarsa ke kallon dutsen naki ne, gwaggonki a falo za ta kwana in ta ci gaba da baki. Ba ranar da ba na tunawa da ke.

Ladi, ki zo. Ni babanki nake roƙo.

Bawa

Ke kuma Tsahara: KI ZO DA LADI. KI BAR LEDA. In wannan ma ya gagare ki, a mayar da ke ajin yaƙi da jahilci.

*

Jibiya
21 ga Nuwamba

Bawa bawan gidanmu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ka lura na ce “muna”.

Kada ka ɗauka na huce. Sau biyu ka sa na haye Maraɗi da kumburarriyar ƙafa, kuma maganar ƙarin yadi tana nan a ajiye, a gabanka zan kwance ta. Falo kuma kai za ka kwana.

Na kai mata. Ba ta karanta a gabanmu ba, ta shige bayan ɗaki da ita, ta daɗe. Da ta fito idonta ja, ta je ta durƙusa gaban kawunta. Yahaya ya ce, “Tashi ki tahi, Allah shi yi albarka.” Shi da kansa ya sayo mana kan cajar mai ƙafa biyu, ya ce a gaya maka in ka sake yin rubutun kaji shi zai zo har kan dutsen. Ka kira shi ka yi godiya, shi layinsa na aiki.

Ka sayi tikiti biyu. Riguna sun samu, takalma sun samu, kati na cikin fasfo. Yajinka na gwangwani. Na zazzage jakunkunana kaf, ledar da na fitar ta cika kwando, har ta cikin aljihun lalitata. Na ji kamar an yi min aski.

Saura guda ɗaya, kuma wannan ba ni da iko a kanta. Jiya ina duba jakar Ladi na tarar da takardarka a can ƙasa, ta ninke ta, ta naɗe ta tsaf cikin farar leda ta ƙulle baki. Na ce, “Ke! Duk abin da munka sha a kan abin ga bai ishe ki ba? Cire ta.” Ta riƙe jakar a ƙirji ta ce kai ka ce ruwa ba ya ɗaukewa a garin, ita kuma ta ga yadda tawadar mai shagon nan take.

Na ce za su karɓe a filin jirgi.

Ta ce, “Su karɓi ledar, Gwaggo. Sunana dai ba ya jiƙewa kahin mu isa.”

To ka ji. Ka zo filin jirgin da wuri, ka tsaya inda za ta gan ka. Kuma ka fara gwada bakinka tun yanzu, don ta ce ba za ta waiwaya ba sai ta ji an kira.

Uwar ɗakinka,
Tsahara